Kunshin kayan 'yan mishan na shagunan Utah: me ke kai shekara biyu a Ghana, me ke mutuwa tun daminar farko

Duk wanda ya zauna a Accra, Kumasi ko Cape Coast ya saba ganinsu. Samari ne biyu-biyu, sanye da farar shat da nektai, da ɗan baƙin bajo a ƙirji mai ɗauke da suna, suna tafe a ƙasa rana na dukansu. 'Yan mishan ne na cocin da aka fi sani da Mormon, wadda hedikwatarta ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka. Namiji yana yin wata 24, mace wata 18. Tun 2012 aka rage shekarun tafiyar maza zuwa 18, don haka da yawansu daga sakandare suke wucewa kai tsaye. Ba su ke zaɓar inda za a kai su ba. Takardar kira ce ke zuwa da sunan ƙasa, ranar shiga horo, da jerin kayan da za a taho da su.

A kan wannan jerin kaya kasuwa guda ta ginu a Utah. Shagon da ya fi suna shi ne Mr. Mac, wanda Mac Christensen ya fara a garin Bountiful a 1964, kuma akwai wasu irinsa a Orem da kewaye. Aikinsu ɗaya ne: yaro ya shigo da iyayensa da takardarsa, a auna shi, a haɗa masa kunshi, ya fita da akwati cike. Galibi kunshin ya ƙunshi kwat ɗaya ko biyu kowacce da wando biyu, fararen shat takwas zuwa goma, nektai kamar rabin dozin, takalmi sau-ciki ƙafa biyu, safa, bel, jakar rataye, rigar ruwa, wani lokaci har da akwatunan kansu. Tela na nan cikin shagon yana rage tsawon wando da ƙugu.

Ta fuskar hidima babu abin kushewa. Masu sayarwar sun san dokokin sutura na cocin kamar tafin hannunsu, da yawansu ma sun yi aikin da kansu, kuma uwar da hankalinta ya rabu biyu tana gama komai da yamma ɗaya. Matsalar tana wajen ƙasar da aka yi wa kunshin tunani. Utah busasshiyar ƙasa ce mai tudu, dusar ƙanƙara na zuba da sanyi, kowane gida da injin wanki da na busarwa. Hukuncinmu a taƙaice: ga wanda za a tura kudancin Ghana ko makamanciyarta, kusan kashi ɗaya cikin uku na kunshin ne ya cancanci kuɗinsa, kashi ɗaya ana samun wanda ya fi shi a can da araha, sauran kuwa nauyi ne kawai a akwati.

Kafin a shiga kaya ɗaya-ɗaya, sai an san irin yinin da ke cin su. Tsohon tsarin shi ne tashi ƙarfe 6:30 na safe, kwanciya 10:30 na dare. A 2017 aka sassauta, aka bar kowace mishan, wato yankin aiki, ta daidaita da ƙasarta, shi ya sa a wasu ƙasashen Afirka ake fita da wuri a dawo gida da wuri. Bayan motsa jiki, wanka, karatu da tsara yini, sai a fita. Daga nan tafiya ce har dare: gida zuwa gida, unguwa zuwa unguwa, a ƙasa, ko a motar haya da ake cewa tirotiro, wasu wuraren a keke. Mutum ba ya rabuwa da abokin aikinsa, dole yana ganinsa yana jin muryarsa. Rana ɗaya ce a mako, galibi Litinin, ake warewa don wanki, cefane, aski da kiran gida, wanda sai a 2019 aka yarda a riƙa yinsa kowane mako. Duk bayan mako shida kuma ana iya cewa ka tattara, an sauya maka gari. Kayan da ba za su jure bokiti, rana, jar ƙasa da ɗaure-kwance na akwati ba, ba su da wurin zama a wannan rayuwa.

Takalmi

Nan ne kuɗi ya kamata ya tafi, kuma nan ne shagunan Utah suka fi amfani, domin samun takalmi mai kyau daidai ƙafa, musamman babbar ƙafa, yana da wuya a garuruwan da ke nesa da Accra da Kumasi. A yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka kilomita 10 ake yi a yini, kwana shida a mako, mako 104. Ya haura kilomita 6,000. Babu takalmin ofis da aka yi domin wannan.

Abin dubawa na farko shi ne yadda aka haɗa sama da ƙasa. Iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda aka manna da gam kawai, shi ne mafi araha kuma shi ya fi yawa a kunshi mai rahusa. Zafin kwalta yana sassauta gam ɗin, ruwa ya shiga, sai ka ga bakin takalmin ya buɗe daga gaba tun kafin wata shida. Akwai wanda aka zuba wa narkakkiyar roba kai tsaye a jikin fatar, irin aikin kamfanin Ecco. Wannan ba shi da nauyi, ba ya ɓarewa da wuri, ƙafa na jin daɗinsa tun ranar farko, amma in ƙasan ya cinye shi ke nan, canza shi ba aikin shumekan bakin titi ba ne. Na uku shi ne mai ɗinki zagaye, wanda ake iya cire ƙasan a sa sabo. Ya fi nauyi, ya fi tsada, yana cizo a makonnin farko, amma shi ne mai rai biyu.

Ga kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ba kasafai ake faɗarsa a shago ba. Iyaye sukan ce wa yaro ya sa ɗaya shekarar farko, ya ajiye ɗayan a akwati sai shekara ta biyu. In ƙasan takalmin na robar foliyuretan ne, wannan shawara kashe shi take yi. Irin wannan roba tana shan danshin iska a hankali, ruwan ya riƙa karya ta daga ciki, kuma abin ya fi sauri a wuri mai zafi da laima in takalmin na ajiye ba a taka shi. Sai a ciro shi fes kamar sabo, a yi tafiyar awa ɗaya, ƙasan ya fara marmashewa yana barin ɓurɓushi a hanya. Maganin shi ne a riƙa sa su bi da bi, yau wannan gobe wancan. Hakan yana ba kowanne yini guda ya sha iska, gumin jiya ya bushe, kuma shi ke hana fatar ciki ruɓewa da wari.

Ƙasan da ke da ramuka-ramuka a ciki don laushi yana da nasa ciwon. Da zarar dunduniya ta cinye ta kai ramukan, tsakuwa ta samu gida, ruwa ma haka, kowane taku sai ka ji ƙas-ƙas. Kada a jira ya kai nan. Tun takalmin yana sabo a kai wa shumeka ya manna guntun roba a gefen dunduniyar da mutum ya fi ci, mafi yawan mutane gefen waje ne, sannan in ƙasan na gam ne ya zagaye shi da ɗinki da basilla da zaren nailan. Aikin minti ashirin ne a gindin bishiya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yana iya ninka ran takalmin. Masu wannan sana'a suna ko'ina a Ghana, wasu ma suna yawo da akwatinsu na katako suna ƙwanƙwasa shi don a san sun iso.

Fata kuma, a nemi ta gaske wadda ba a lulluɓe da leda ba. Mai sheƙi kamar madubi tana burgewa a shago, amma in ta tsage a inda yatsu ke lanƙwasawa ba ta gyaruwa, man takalmi ba ya shigarta. Takalmin da aka yi wa shafi mai hana ruwa shiga, wanda masu shago ke yawan tallatawa ga mai zuwa ƙasar ruwa, mu ba mu ba da shawararsa ba. Ruwan Accra na watan Yuni ba yayyafi ba ne, kwata ce ke cika ta malalo kan hanya, ruwan ya shiga ta sama. Abin da ya hana shi shiga ta gefe shi zai hana shi fita, ga zafi a sauran watanni. Gara fata zalla da ke bushewa da wuri. In ta jiƙe, a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a canza ta in ta sha ruwa, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana tsaka ko kusa da wuta tana ƙandarar da fata ta tsattsage. Da hunturu kuma akasin haka ne, bushewa ce ke fasa ta, sai a yawaita mai.

Wajen gwaji, a je shago da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sawa, a bar tazarar kamar santimita ɗaya gaban babban yatsa. A fara sa su aƙalla mako uku kafin tafiya. Wanda ya sauka da sabon takalmi bai taɓa taka shi ba, makonsa na farko bororo ne a dunduniya. Safa ma a saye ta can, ƙafa goma zuwa goma sha biyu, duk iri ɗaya launi ɗaya don kada a ɓata lokaci wajen neman ɗan'uwan wata. Mai haɗin ulu marar kauri ta fi auduga zalla, domin auduga tana riƙe gumi, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa ita ke kawo cin ruwa a tsakanin yatsu.

Farar shat da bokiti

A yawancin gidajen 'yan mishan na Afirka ta Yamma da hannu ake wanki. Shat takwas, wando uku ko huɗu, safa, kayan ciki, tawul da zanin gado, duk a safiyar Litinin, da bokiti biyu ko uku. Sabon zuwa yakan saɓule fatar bayan yatsunsa a makon farko saboda yana cuɗa yadi a kan ƙashi maimakon yadi a kan yadi. Da wannan ma'aunin za a auna shat ɗin kunshi.

Abin da shagunan suka fi alfahari da shi shi ne shat da ba ta buƙatar guga. Auduga ce da aka jiƙa da wani sinadari mai hana tamoji. A inda ake da injin busarwa tana cika alkawari. A bokiti kuwa matsa ta ake yi a murɗe, don haka tamojin yana nan. Sinadarin yana sa zaren ya yi tauri, bakin kwala da bakin aljihu su fara zarewa da wuri, iska ba ta ratsa ta sosai, kuma in aka zuba mata haifo sai ta koma ruwan ɗorawa, ba ta ƙara dawowa. Wadda ta fi jurewa ita ce mai haɗin auduga da foliyesta, kamar 60 da 40, marar kauri, gajeren hannu. Tana bushewa cikin awa biyu zuwa uku in da rana, tana ɗaukar cuɗa. Dogon hannu biyu sun isa, don taro da ranar Lahadi.

Guga kuwa ba ta da makawa ko da shat ɗin ba ta yamutse ba, kuma dalilin ba ado ba ne. A Afirka ta Yamma akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jikin jiƙaƙƙen tufafi, musamman wanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In aka sa rigar, tsutsar ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Saboda haka a shanya a igiya cikin rana, a goge komai har kayan ciki, a bi kan ɗinki da kyau. Kada a ɗauko dutsen guga daga Amurka. Wutar can bolt 120 ce, ta Ghana 230, da an jona shi zai ƙone. Ana samunsa a gidan ko a kasuwa, in an ɗauke wuta kuma na gawayi yana nan. Cajar waya ba ta da wannan matsala tunda yawancinsu suna ɗaukar 100 zuwa 240, adafta mai ƙafa uku irin ta Ingila kawai ake buƙata.

Datti iri uku ne ke kashe farar shat, kowanne da maganinsa. Baƙin wuya, wanda maiƙon jiki ne da ƙura, sabulun sanda ake goga masa tun daren da aka cire rigar, ba a bari sai Litinin ba. Rawayar hammata tana fitowa ne daga haɗuwar gumi da sinadarin alminiyam da ke cikin man hana gumi, haifo ƙara mata ƙarfi yake yi, sai dai a canza mai a riƙa jiƙa wurin da wuri. Jar ƙasa kuwa tsatsar ƙarfe ce ke ba ta launi, shi ya sa haifo ba ya taɓa ta. In taɓo ya fantsamo, a bar shi ya bushe, a kakkaɓe da buroshi, sannan a jiƙa a ruwan omo. Wanda ya goge shi yana ɗanye ya tura shi cikin zare ke nan. Ɗan bula a ruwan ɗauraya na ƙarshe yana mayar da hasken fari, kuma kowace mai kanti ta san shi.

Duk da haka, babu farar shat da ke kai wata 24 tana fara. Hikimar ita ce a sa biyar ko shida, a ajiye uku a leda mai zif don shekara ta biyu. Yadi, saɓanin robar takalmi, yana jure ajiya in ya bushe sarai. In sun ƙare, tela zai ɗinka sabuwa a kwana biyu in an ba shi tsohuwa ya kwaikwaya.

Akwai kuma abin da mai shago ba ya sayarwa amma yana shafar komai. Waɗanda suka riga suka shiga haikali, wato keɓaɓɓen ɗakin ibada mafi tsarki na cocin, suna sa wata farar rigar ciki ta ibada a ƙarƙashin kayansu dare da rana, daga cocin kaɗai ake sayenta. Ma'ana ɗan mishan kullum da riga biyu yake yawo. Duk shat ɗin da aka ji ta ɗan yi kauri a shago mai na'urar sanyaya ɗaki, a Takoradi za ta zama azaba.

Kwat da wando

Kwat mai wando biyu ita ce tambarin waɗannan shaguna, kuma tunanin da ke bayanta daidai ne: wando ke fara mutuwa, don haka a ba rigar miji biyu. Ga mai zuwa Jamus, Koriya ko Kanada ciniki ne mai kyau. Ga mai zuwa ƙasar zafi, tun 2013 aka daina tilasta sa rigar kwat a aikin yau da kullum, aka kuma yarda da launuka masu haske. Wasu mishan ɗin ma sukan rubuta a takarda cewa kwat ɗaya ta isa ko ba a buƙatarta sam. A karanta takardar kafin a shiga shago, domin mai sayarwa, ko da zuciya ɗaya, kunshin da ya saba haɗawa zai haɗa.

Kwat ɗin da ba a sawa tana rataye a ɗaki, damina ta zo, funfuna ta hau kafaɗunta fari-fari, bel da takalmin ajiya su ma su samu rabonsu. Wajen manyan birane babu mai wankin kwat na zamani, in kuma aka tsoma ta a bokiti, shafin da aka manna a ƙirjinta da gam yana ɗagowa ya yi ƙuraje, ba ya kwanciya kuma. Ɗaya ta isa, marar nauyi, a cire ta daga ledar shago, a riƙa fito da ita tana shan iska duk mako biyu.

Wandunan da ake wankewa da ruwa su ne abin saye, huɗu ko biyar. Launin toka mai duhu ya fi baƙi wuluk, domin baƙi yana nuna ƙura kuma rana na mayar da shi ja-ja a cinya. A duba abu uku. Hantsa ta zama an ninka mata ɗinki, don nan ke fara yagewa wajen hawa tirotiro ko tsallake kwata. A bar rarar yadi a bayan ƙugu, kamar santimita huɗu, saboda jiki na sauyawa: wasu suna zubewa a watannin farko saboda zafi da ciwon ciki, wasu fufu, banku da shinkafa da wake, wadda a can ake kira waakye, su karɓe su su yi ƙiba. Sannan aljihu ya zama mai kauri, tunda makulli da tsabar kuɗi suna huda shi. Mai hawa keke ya ƙara da maɗaurin ƙafar wando, in ba haka ba sarƙa za ta cinye ƙafar dama cikin mako guda.

Nektai na siliki asarar kuɗi ne. Gumin wuya yana ɓata shi, ruwa na murɗa shi. Na foliyesta ana wanke shi a shanya. Uku ko huɗu sun isa, domin 'yan mishan suna musayarsu a tsakaninsu kamar kuɗi, teloli kuma suna ɗinka su da yadin kente ko atamfa, waɗanda a ƙarshe su ake komawa gida da su.

Ƙananan kaya

Rigar ruwan kunshi yawanci mai kauri ce da shafi, an yi ta don ruwan sanyi. A zafi, wanda ya sa ta zai jiƙe da gumi daidai yadda ruwan zai jiƙa shi. Lema mai ƙarfi ta fi, ana kuma samunta a kowace kasuwa. Jakar rataye tana da amfani tunda ita aka fi so a kan jakar goyo, amma a duba ƙugiyar maɗaurin: ta ƙarfe, ba ta roba ba. Kada ta yi girma, domin duk girman jaka sai an cika ta da littattafai, kafaɗa ɗaya ce kuma ke ɗauka yini guda. Ledar zif a ciki tana tsare littafi da waya daga ruwa.

Hula mai faɗin baki, wadda aka yarda da ita tun 2016, ba ta cika shiga kunshi ba alhali ta fi rabin abin da ke ciki amfani. Dalili: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fi ba su, doxycycline, yana sa fata saurin ƙonewa a rana. Ana shansa kullum, da abinci da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya nan take bayan an sha don kada ya tsaya a maƙogwaro ya ƙona shi, ba a kuma haɗa shi da madara ko maganin ƙwannafi a lokaci ɗaya. Yawancin masu daina sha saboda yana tayar musu da zuciya, da safe suke haɗiyarsa ba su ci komai ba. Gidan sauro da matatar ruwa galibi mishan ke tanadarwa a gida, ba sai an saya ba. Katin rigakafin shawara kuwa a ajiye shi tare da fasfo, ana tambayarsa a shiga Ghana.

Zanin gado biyu na auduga, tawul marar kauri mai saurin bushewa, tocila mai caji, silifas na wanka, allura da zare da maɓallan shat. Cikin waɗannan babu wanda sai an je Utah.

Kayan mata

A nan kunshin ya fi rauni. Tun Disamba 2018 mata suna iya sa wando a aikin yau da kullum, ban da coci, haikali, baftisma da manyan taruka, inda ake sa siket ko doguwar riga. Rigunan da ake sayarwa a shagunan sun cika sharaɗin rufe jiki, amma da yawansu foliyesta ne mai shafi biyu, ko yadi mai talewa da ke saki in an murɗe shi a bokiti. Wadda za ta Ghana ta taho da kaya huɗu ko biyar da za su riƙe ta watan farko, sauran ta bar wa tela. Yadi shida na atamfa yana fitar da riga biyu, auduga ce, tana son wanki, tana ɓoye ƙura, kuma matan cocin da ke unguwar sun san telar da ba ta saɓa alkawari. A ce a sa aljihu a gefe, a kuma buɗe ƙasan yadda za a iya hawa mota ko keke. Takalmi da kayan ciki ne kawai ya kamata ta kashe wa kuɗi kafin tashi, kuma duk abin da aka faɗa kan ƙasan takalmi ya hau kanta. Takalmin mata marar tudu mai siririn ƙasa ba ya wata uku a kan tsakuwa.

Akwati da garanti

Jiragen da ke wannan hanya sukan ba da akwati biyu, kowanne kilo 23. Cikakken kunshi da littattafai yana cinye wannan tas. Abin da ba a tunawa shi ne bayan saukar jirgi akwatin zai yi ta yawo: a ɗaure shi a saman mota, a danne shi da buhun doya, a ja shi a hanyar da ba kwalta. Mai taya huɗu ƙanana da ke juyawa ko'ina na filin jirgi ne, tayoyin suna karyewa a sauyin gari na farko ko na biyu. Mai taya biyu manya da suka shige cikin jiki ya fi, na yadi mai kauri, da zif babba. A ɗaura masa igiya ta waje.

Wasu shagunan suna ba da garantin shekara biyu: in kaya ya lalace a canza. A takarda abin sha'awa ne, ga wanda ke aiki a cikin Amurka kuma yana aiki. Daga Kumasi fa? Sai an ɗauki hoto an aika gida, iyaye su je shago, a aiko da kaya, ya yi makonni a hanya, wataƙila a biya kuɗin kwastan, ya isa ofishin mishan, ya jira wanda zai kai shi garin da yaron yake, in ba a riga an sauya masa gari ba. Kafin nan shumeka ya ɗinke tsohon tun tuni. Kada garanti ya sa a biya ƙarin kuɗi.

Wa kunshin ya dace da shi

Mai zuwa ƙasar sanyi daga Amurka, ya saya gaba ɗaya, zai ci riba. Mai zuwa Afirka ta Yamma ya shiga shagon da takardarsa a hannu, ya ɗauki takalmi biyu masu kyau, safa, wanduna, shat masu haɗi da kwat ɗaya in an ce ya kawo, ya ƙi sauran cikin ladabi, ya riƙe canjin don tela da shumeka.

Yawancin 'yan mishan da ke aiki a yankin ma ba daga Utah suke ba. 'Yan Najeriya ne, da Ghana, Kodebuwa, Saliyo, Laberiya da Kwango, waɗanda ake turawa ƙasashen juna. Suna yin horonsu a cibiyar da ke Accra kusa da haikalin cocin, wadda aka buɗe a 2017 bayan ta farko da ke Tema tun 2002. Yaron da ya taso daga Aba ko Benin zuwa Cape Coast bai taɓa ganin kunshin Mr. Mac ba, kuma bai yi asarar komai ba in ban da takalmi. Shat da wando tela ya ɗinka masa, kwat ya samo a gwanjo, wanki da guga kuwa tun yana firamare ya iya. Shi abin da zai kiyaye a kasuwar gwanjo irin Kantamanto shi ne takalmin da ya daɗe a ajiye kafin ya iso dila. Ya lanƙwasa ƙasan da hannu biyu, ya danna farce a dunduniya. In ya ga tsaga ƙanana, ko robar ta yi danƙo, ko ta bar gari a yatsa, ya ajiye ko nawa aka rage masa. Wanda aka tura Ingila ko wata ƙasar sanyi daga nan kuma, kada ya sayi rigar sanyi a Legas ko Accra. Ya tafi da suwaita ɗaya, ya sayi babbar rigar a can, inda aka san irin sanyin da ake yi wa ita.